Lonnie Johnson: Makaɗin da Ya Fito da Jita Daga Bayan Fage

A farkon shekarun 1920, in ka shiga gidan rawa a New Orleans ko St. Louis da ke Amurka, da wuya ka ji muryar jita. Masu busa ƙaho ne a gaba, su ke jan kiɗa, su ake kallo. Mai jita, in ma akwai shi, yana can baya kusa da mai ganga, aikinsa bai wuce sharɓar tsirkiyoyi shida a lokaci guda ba don 'yan rawa su san inda za su sa ƙafa. Sau da yawa ma ba a ɗaukarsa, banjo, wata 'yar'uwar jita mai zagayayyen ciki irin na ganga, ake fifitawa saboda ta fi amo. Yau lamarin ya juya: mai jita ne ke fitowa gaba, sauran makaɗa su lafa, ya yi ta zuba shi kaɗai har jama'a su ɗauki tafi. Ba mutum ɗaya ya kawo wannan sauyi ba, amma duk wanda ya bi sawun abin zuwa baya zai tarar da Alonzo Johnson, wanda aka fi sani da Lonnie Johnson, tsaye a daidai mararrabar.

An haife shi a New Orleans a ƙarshen ƙarni na 19, a gidan da kowa makaɗi ne. Uban yana kiɗa, 'ya'yan suna kiɗa, kuma da shi ake cin abinci: a bakin titi, a wajen buki, a gidajen cin abinci. Lonnie ya taɓa fiyano da mandolin da banjo, amma abin da ya fara ƙwarewa a kai shi ne gogen Turawa. A riƙe wannan, don shi ne mabuɗin duk abin da ya zo daga baya. A 1917 ya bi wata tawagar 'yan wasa zuwa Ingila. Da ya dawo gida a 1919, ya iske annobar murar nan ta 1918 ta share gidansu, sai ɗan'uwansa James da ya saura masa. Su biyun suka tattara suka bar garin, a 1921 suka yada zango a St. Louis. Can Lonnie ya shiga kiɗa a manyan jiragen ruwa na shaƙatawa da ke kai da kawo a kogin Misisipi, a ƙungiyar Charlie Creath da ta Fate Marable. Kiɗan jirgi ba wurin wasa ba ne: fasinja kala-kala ne, kowa da irin rawar da yake so, kuma dole makaɗi ya iya komai, daga waƙar soyayya mai sanyi har kiɗan da ke tayar da ƙura.

Kafin a ci gaba, ya kamata a bambance abubuwa biyu da ake yawan haɗawa, wato buluz da jaz. Buluz waƙa ce ta Baƙaƙen fatar kudancin Amurka, jikokin bayi, wadda ta tsiro a gonakin auduga da sansanonin lebura. Gininta mai sauƙi ne. Baiti ɗaya layi uku ne: mawaƙi ya faɗi layin farko, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya warware zancen. An auna baitin gida 12, kowane gida bugu huɗu, don haka kowane layi yana da gida huɗu. To amma mawaƙi ba ya cinye gida huɗun nan da murya. Yakan yi magana a biyun farko, ya bar sauran fili. A wannan filin ne abin kiɗa ke yin amshi. Jaz kuwa kiɗan ƙungiya ne na birni, wanda ya girma a New Orleans daga kiɗan maci na badujala, da kiɗan fiyano na rawa, da ita kanta buluz ɗin. Ginshiƙinsa shi ne ƙirƙira nan take: a ɗauki karin waƙar da kowa ya sani, kowane makaɗi ya samu zagayensa ya sarrafa shi yadda ya ga dama, muddin bai fita daga jerin sautukan da aka gina waƙar a kai ba. A New Orleans babu katanga tsakanin biyun. Makaɗi ɗaya ne zai yi wannan da yamma ya yi wancan da tsakar dare. Kamfanonin faifai ne daga baya suka gina katangar, don kowace haja a san kantar da za a ajiye ta.

Kuma katangar ta faɗo wa Lonnie tun ranar farko. A 1925 aka shirya gasar waƙar buluz a gidan wasa na Booker T. Washington da ke St. Louis, ladan wanda ya ci shi ne kwantiragi da kamfanin faifai na Okeh. Ya shiga, ya ci. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa burinsa kawai a ɗauki kiɗansa a faifai, gasar ce ta zo ta buluz, shi ya sa ya yi buluz. Bayan 1920, shekarar da faifan wata mawaƙiya Mamie Smith ya yi kasuwar da ba a zata ba, Okeh ya buɗe sashe na musamman na faya-fayan da ake sayar wa Baƙaƙe zalla. A wannan sashe aka jefa Lonnie, aka liƙa masa sunan mawaƙin buluz, kuma sunan bai sake shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Tsakanin 1925 da 1932 ya yi wa kamfanin waƙoƙi kusan 130, ya zama cikin mawaƙa maza Baƙaƙe da faifansu ya fi tafiya a lokacin. Yana da murya mai tsafta, kalmominsa na fita ɗaya bayan ɗaya, kuma yana waƙa a kan abin da ke damun mutane: rikicin miji da mata, talauci, ambaliyar Misisipi ta 1927, guguwar da ta ragargaza St. Louis a watan Satumba na shekarar.

Sai dai abin da ya ɗaga shi sama da tsaransa yana cikin yatsunsa. Yawancin masu jitar buluz na karkara da yatsu suke kaɗawa, babban yatsa yana riƙe bugu a tsirkiyoyi masu kauri, sauran suna tsinka a sirara, mutum ɗaya ya zama ƙungiya sukutum. Lonnie ya iya wannan, amma ya ƙara wani abu: ya riƙa jan zance a tsirkiya ɗaya, sauti bayan sauti, doguwar jimla mai farko da tsakiya da ƙarshe, kamar yadda mai ƙaho ke yi. Faifansa na 1927 mai suna “6/88 Glide” yana cikin na farko-farko da aka ji jita tana yin haka daga fari har ƙarshe.

Wahalar da ke cikin wannan ba kowa ke ganinta ba. Jita tana da 'yan sandunan ƙarfe da aka gitta a wuyanta, kowace sanda sauti guda ne tabbatacce, babu rabi babu kwata. Ga shi kuma da zarar an tsinki tsirkiya, ƙarar ta fara mutuwa. Muryar ɗan Adam ba haka take ba: tana zamewa daga sauti zuwa sauti, tana rawa, tana tsayawa a tsakanin sauti biyu, kuma a wannan tsakanin ne zaƙin buluz yake. Goge ba shi da waɗannan sanduna, shi ya sa yake iya bin murya duk inda ta lanƙwasa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ko mai kukuma a ƙasar Hausa ya ji yadda tsirkiya ɗaya tal ke maimaita abin da mawaƙi ya faɗa har ka kusa jin kalmomin. Kamancin ba na kunne kaɗai ba ne: masanin kiɗa ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 kan Afirka da buluz, ya nuna cewa da yawa daga siffofin rera buluz sun fi kusa da na yankin Sahel da ƙasashen da ke kudu da shi, har da kiɗan goge na Hausawa, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Lonnie, da ya taso da goge a kafaɗa, kunnensa ya saba da wannan lanƙwasa, sai ya tilasta wa jita ta yi ta. Yakan danne tsirkiya ya tura ta gefe da yatsa, ta ƙara tauri, sautin ya hau sama a hankali ya sauko. Yakan girgiza yatsan a kan sauti guda don ya yi rawa, ya ƙara masa rai kafin ya mutu. Yau ɗalibin jita tun da wuri ake koya masa waɗannan dabaru biyu. A 1927 ba haka abin yake ba.

Ya kuma zo a kan gaɓa. Kafin 1925, ana ɗaukar faifai ne ta hanyar jera makaɗa a gaban wani babban mazurari, ƙarfin ƙara ne ke motsa allurar da ke zana faifan. Jita ba ta da wannan ƙarfi, sai ta ɓace a cikin hayaniyar ƙahoni. Da makirufo na lantarki ya shigo ɗakunan ɗaukar sauti daga 1925, sai ya zama ana iya jin ko gogar yatsa a kan tsirkiya. Da Lonnie ya zo shekara goma kafin haka, da mafi yawan gwanintarsa a iska ta tafi.

A watan Disamba na 1927, a Shikago, kamfanin Okeh ya haɗa shi da shahararren mai busa ƙahon jaz Louis Armstrong da ƙungiyarsa ta Hot Five. Suka yi kiɗa uku, kuma wanda ya kamata kowa ya nema ya saurara shi ne “Hotter Than That”. A tsakiyar kiɗan Armstrong ya ajiye ƙaho ya koma rera sautuka da baki, ba kalmomi, jitar Lonnie tana biye da shi a ƙasa. Can sai sauran makaɗa suka yi tsit. Armstrong ya jefo 'yar gajeriyar jimla da murya, ya ja wutsiyarta. Jita ta mayar masa da ita, ta ja wutsiyar daidai yadda ya ja. Ya sake jefo wata, ta sake amsawa. 'Yan daƙiƙu ne kawai, amma a cikinsu ake jin jita ta zama abokiyar hira, ta tashi daga matsayin mai riƙe bugu. A lura kuma da wanda take hirar da shi: mutumin da a lokacin babu makaɗin jaz da ke iya ja da shi. A shekarar da ta biyo, 1928, Duke Ellington, shugaban wata babbar ƙungiyar jaz, ya gayyace shi New York ya sa hannu a faya-fayan ƙungiyarsa, ciki har da “The Mooche”. Mutumin da kamfani ke tallatawa a matsayin mawaƙin buluz, ga shi manyan jaz biyu na zamanin suna nemansa.

A tsakanin nan kuma ana ba shi aikin da ya fi kowanne gwada haƙurin makaɗi, wato rakiyar Texas Alexander. Shi wannan mawaƙi ne daga karkarar Texas wanda ba ya kaɗa komai, yana waƙa irin ta masu aikin gona, ba ruwansa da gida 12. Zai iya tsawaita layi ko ya yanke shi ba sanarwa. Lonnie ya bar ƙirga, ya koma sauraro: ya jira numfashin mawaƙin, ya cike gurbi, ya ja baya. A ganina waɗannan faya-fayan sun fi nuna zurfin kunnensa fiye da waɗanda ya yi gudun yatsu a cikinsu.

Ƙololuwar wannan zamani ita ce haɗuwarsa da Eddie Lang. Lang ɗan Filadelfiya ne, iyayensa 'yan Italiya, sunansa na yanka Salvatore Massaro, kuma shi ne gwanin jita a ɓangaren Fararen fata. Shi ma da goge ya fara. Tsakanin 1928 da 1929 suka yi kiɗa goma, jita biyu kawai, ba waƙa ba ganga. Rabon aikin a fili yake: yawanci Lang ne ke shimfiɗa ƙasa, yana tafiyar da sautuka masu kauri da dunƙulallun sautuka irin na jaz waɗanda buluz ba ta saba da su ba, Lonnie kuma yana sama a kan jita mai tsirkiyoyi ninki-ninki, yana zuba ƙirƙira. A “Hot Fingers” za ka ji gudu, a “Blue Guitars” za ka ji natsuwa. Abin takaicin shi ne a yawancin waɗannan faya-faye ba a rubuta sunan Lang ba. An sa masa Blind Willie Dunn, suna mai kama da na makafin mawaƙan Baƙaƙe, saboda Amurka ta lokacin ba ta shirya ganin sunan Fari da na Baƙi a jere a matsayin abokan aiki ba. Lang ya rasu a 1933 yana da shekara 30, bayan tiyatar maƙogwaro. Har tsufansa Lonnie yana ambatonsa da alheri, yana lissafa aikinsu cikin mafi daɗin abin da ya yi a rayuwa.

Sannan kasuwa ta rushe. Karayar tattalin arziki da ta fara a 1929 ta kusa kashe sana'ar faifai: daga sama da faifai miliyan 100 da ake sayarwa a shekara kafin rikicin, aka faɗo zuwa kusan miliyan 6 a 1932. Talaka Baƙi, wanda shi ne mai sayen faifan Lonnie, shi aka fara kora daga aiki. Lonnie ya koma Cleveland, ya yi aikin ƙarfi, har da masana'antar narka ƙarfe a Peoria, yana ɗan kiɗa da dare in an samu. Shekara biyar ba a ɗauki muryarsa ba. A 1937 ya dawo ta Shikago, ya yi wa kamfanin Decca aiki, daga 1939 kuma ya koma kamfanin Bluebird, inda ya fara taɓa jitar lantarki.

A nan akwai wani abu da ke ba ni mamaki duk lokacin da na jera faya-fayansa bisa shekaru. Jitar lantarki ita ce maganin matsalar da ya yi shekaru yana kokawa da ita, don tana riƙe sauti ya daɗe, tana kuma iya ƙure ƙaho. Amma ba shi ya ci moriyarta sosai ba. Lokacin da ta zo, shi ya riga ya rage kaifi: ya tattara wasu jimloli nasa da ya amince da su, yana maimaita su daga waƙa zuwa waƙa, hankalinsa ya fi karkata ga rerawa. Matasa ne suka ɗauki hanyar da ya share suka sa mata lantarki. Charlie Christian ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939, ya kafa harsashin jitar jaz ta zamani kafin tarin fuka ya ɗauke shi a 1942 yana ɗan shekara 25. T-Bone Walker ya yi irin wannan a ɓangaren buluz. B.B. King, babban gwanin jitar buluz, bai taɓa ɓoye cewa faya-fayan Lonnie da ya ji a garmaho yana yaro a Misisipi suna cikin abin da ya gina shi ba, kuma turin tsirkiya da girgiza yatsa da aka san B.B. da su, ga inda suka samo tushe. Hatta Robert Johnson, wanda Turawa suka mayar gwarzon buluz na karkara, a waƙarsa “Malted Milk” ta 1937 salon Lonnie ya ara ƙarara. Daga su B.B. King abin ya gangaro zuwa Jimi Hendrix, gwanin jitar kiɗan rok, kuma Bombino na Agadez ya sha faɗin cewa kallon bidiyon Hendrix na cikin abin da ya koya masa jita. Sarƙar doguwa ce, amma ba ta tsinke ba.

Shi kuwa Lonnie wata ƙofar ya bi. A ƙarshen 1947 ya shiga kamfanin King na Cincinnati ya rera “Tomorrow Night”, wata tsohuwar waƙar soyayya ta 1939 da ba shi ya rubuta ba, kuma ba buluz ba ce. A 1948 ta yi mako bakwai a saman jadawalin faya-fayan Baƙaƙe na mujallar Billboard, ta kuma tsallaka jadawalin gama-gari. Ita ce babbar nasararsa ta kasuwa, har Elvis Presley ya sake rera ta a farkon tashensa. Masu son jitar Lonnie ta 1920 sukan ɗauki wannan a matsayin ja da baya. Ni ban ga haka ba. Mutumin da ya koyi sana'a a jirgin ruwa, inda ake so makaɗi ya iya kowace waƙa, bai taɓa ɗaukar waƙar soyayya a matsayin ƙasƙanci ba. Ita yake so ya yi tun da fari, ba a ba shi dama ba ne. A 1952 ya je rangadi Ingila, inda wani matashi Tony Donegan ya ɗauki sunansa ya koma Lonnie Donegan, wanda daga baya ya tayar da guguwar kiɗan da ta sa dubban yaran Ingila, har da waɗanda suka kafa Beatles, suka rungumi jita.

Ba a jima ba kiɗan rok ya mamaye kasuwa, aka sake mantawa da shi. A 1959 wani mai gabatar da shirin jaz a rediyon Filadelfiya, Chris Albertson, ya samu labari ta hannun tsohon mai banjo Elmer Snowden cewa Lonnie yana nan cikin garin, yana aikin shara a otal ɗin Benjamin Franklin. Albertson ya nemo shi, ya haɗa shi da kamfanin Prestige, a 1960 aka fitar masa da sabon faifai, sannan wani tare da Snowden, daga baya kuma da tsohuwar abokiyar aikinsa Victoria Spivey.

Wannan dawowa ta uku ita ce ta fi nuna illar sunan da aka liƙa masa a 1925. Masu sauraron buluz na shekarun 1960 yawancinsu ɗaliban jami'a ne Farare, a Amurka da Turai, kuma sun zo da hoton da suke nema a ka: dattijo daga gonar auduga, murya a dushe, tsohuwar jita ta katako. Sai ga mutumin birni cikin kwat mai guga, da jitar lantarki, yana so ya rera musu waƙoƙin soyayya. Ya bi tawagar manyan mawaƙan buluz da ta zagaya Turai a 1963 tare da su Muddy Waters, an karrama shi, amma bai samu irin rububin da aka yi wa mawaƙan karkara da aka tono a shekarun ba. Masu buluz suna ganin ya cika wayewa, masu tarihin jaz kuma sun bar shi a kantar buluz. Laifin ba na kiɗansa ba ne, ma'aunin ne ya yi masa kaɗan.

A 1965 ya je wasa Toronto ta ƙasar Kanada, garin ya karɓe shi, ya zauna. Ya buɗe gidan kiɗa nasa a unguwar Yorkville a 1966, bai yi ƙarko ba, ya ci gaba da wasa a gidajen wasu. A watan Maris na 1969 mota ta hau gefen titi ta buge shi yana tafiya a ƙasa, ya karye a kwatangwalo, ƙodarsa ta taɓu, daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya biyo. Ranar 23 ga Fabrairu 1970 ya hau dandalin Massey Hall ya rera waƙa, Buddy Guy, ɗaya daga jikokinsa a sana'a, yana kaɗa masa jita. Ya rasu a Toronto ranar 16 ga Yuni 1970.